Shirin kafin rubutu: dabarun tattara tunani da zane-zanen tsara shi

Shirin kafin rubutu shi ne duk aikin da mutum yake yi tun daga lokacin da batu ya shigo hannunsa har zuwa lokacin da zai fara rubuta takardar da zai miƙa. A lakwal an fi sanin wannan mataki da sunan buruyon. Aiki biyu ne a cikinsa: a tattaro abin da za a faɗa, sannan a jera shi yadda mai karatu zai bi ba tare da ya ɓace ba. Ɗalibin da ke fuskantar BEPC ko BAC yana bukatarsa. Haka ma sakatariyar ƙungiyar mata da za ta rubuta takardar neman tallafi, da mai unguwar da zai kai koke ofishin magajin gari, da ɗan jaridar da ke gaggawar miƙa rahoto. Takardu da dama suna faɗuwa alhali mai su ya san batun sarai. Abin da ya kayar da shi shi ne ya zubo maganar yadda ta zo masa, farkonta a ƙarshe, ƙarshenta a tsakiya.

Dalilin da ya sa ake yin sa

Ƙwaƙwalwar mutum ba ta iya riƙe abubuwa da yawa a lokaci guda. A 1956 masanin halayyar ɗan Adam George Miller na Amurka ya ƙiyasta su kamar bakwai, a 2001 kuma Nelson Cowan ya ce sun fi kusa da huɗu. Mai rubutu kuwa yana fama da neman hujja, da zaɓen kalma, da ƙa'idar rubutu, da tunanin wanda zai karanta, duk a tare. In rubutun da Faransanci ne, ga kuma wahalar harshen. Buruyon yana sauke wani sashe na wannan kaya a kan takarda, ta yadda za a yi aiki ɗaya a gama kafin a kama wani.

A 1981 Linda Flower da John Hayes sun bayyana rubutu a matsayin aiki uku masu komawa juna: shiri, da mayar da tunani jimla, da bita. Sun kuma nuna cewa ƙwararren marubuci yakan koma ga shirinsa yana gyarawa ko da ya yi nisa. A 2007 Steve Graham da Dolores Perin sun haɗa sakamakon bincike masu yawa a kan rubutun matasa, suka jera hanyoyi 11 da ke inganta shi. Koya wa ɗalibi dabarun shiri da bita da gyara ita ce ta zo a sahun gaba.

Asalinsa

Al'adar ta daɗe. Malaman iya magana na Girka da Rum sun kasa aikin mai jawabi kashi biyar, biyun farko kuma su ne nemo abin faɗa da jera shi. A ƙarni na 3 Porphyre ya karkasa halittu jinsi-jinsi, waɗanda suka zo bayansa suka zana rabon nasa da siffar itace mai rassa. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san irin wannan tsari: littattafan fiƙihu an kasa su babi-babi, kowane babi fasali-fasali, Ajurumiya kuma ta fara da raba magana gida uku, suna da aikatau da harafi. Salsalar gidan sarauta da ake zanawa daga kaka zuwa jikoki ita ma zanen tsara bayani ce.

Sunayen da ake amfani da su yau yawancinsu na ƙarni na 20 ne. David Ausubel ya nuna a 1960 cewa ɗalibi ya fi kama darasi in an ba shi taƙaitaccen tsarinsa tun farko. D. Gordon Rohman na Jami'ar Jihar Michigan ya yaɗa batun shirin kafin rubutu a 1965, inda ya ɗauke shi matakin gano abin da mutum yake son faɗa.

Matakin farko: fahimtar batu

Kafin a tattara komai, sai a karanta batun sau biyu ko uku, a ja layi ƙarƙashin manyan kalmominsa, a kuma kewaye kalmar umarni. Bayyana, kwatanta, tattauna da ba da labari ayyuka ne daban-daban, kowanne da tsarin da ya dace da shi. Daga nan mutum ya sake faɗin batun da kalmominsa, ya mayar da shi tambaya guda. Wannan tambaya ce malaman lise ke kira furoblematik. In takarda ce zuwa ga hukuma, tambayoyin su ne wa zai karanta, me ya riga ya sani, me ake so ya yi bayan ya karanta. Wanda ya tsallake wannan mataki yana iya cika shafi huɗu da amsar tambayar da ba a yi masa ba, kuma wannan na cikin kurakuran da suka fi cin maki.

Dabarun tattara tunani

Zazzagar tunani. Alex Osborn, wani mai kamfanin talla a Amurka, shi ya yaɗa ta, musamman a littafinsa na 1953. Ƙa'idojinta huɗu: a nemi yawa, a jinkirta suka, a karɓi ra'ayi ko da ya yi kama da wauta, a haɗa ra'ayoyi a inganta su. Mutum ya ba kansa minti biyar zuwa goma, ya rubuta duk abin da ya faɗo masa da kalma ɗaya ko biyu, ba ya gogewa. In batun ci-rani ne, jerin zai iya ƙunsar kuɗin da ake aikowa, gonar da aka bari, rashin aiki da rani, mata da yara a gida, sana'ar da ake koyowa, hatsarin hanya, sayen dabbobi, da yaran da ke barin lakwal. Girbi ake yi a nan, sheƙa sai daga baya.

Akwai abin lura game da yin ta a taro. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Yale a 1958 ya nuna cewa mutanen da suka yi tunani kowa shi kaɗai, aka haɗa jerinsu, sun fi waɗanda suka zauna tare yawan ra'ayoyi. A 1987 Michael Diehl da Wolfgang Stroebe a Jamus sun gano babban dalilin: mai jiran a ba shi magana yana mance abin da ke ransa. A taron unguwa ko na ƙungiya akwai ƙarin dalili, wato kunya da girmama na gaba, domin yaro ba ya son ya musa wa dattijo. Maganin shi ne kowa ya fara rubuta nasa, sannan a karanta. Bernd Rohrbach ya tsara wata hanya a ƙarshen shekarun 1960 mai suna 6-3-5: mutum shida, kowa ya rubuta ra'ayi uku cikin minti biyar, ya miƙa takardar ga na kusa da shi ya ƙara. Zagaye shida na iya ba da ra'ayi 108 cikin rabin awa.

Rubutun sakin hannu. Peter Elbow ya shahara da ita tun littafinsa na 1973. A sa agogo minti goma, a yi ta rubutu ba tsayawa, ba duba kuskure, ba komawa baya. In tunani ya ƙafe, a maimaita kalmar ƙarshe har wani ya zo. Bayan an gama a karanta, a ja layi ƙarƙashin jimla ɗaya ko biyu masu nauyi, a bar sauran. Ta fi amfani ga wanda ke zama gaban farar takarda ya rasa ta inda zai fara. Ba laifi a yi ta da Hausa ko da takardar ƙarshe da Faransanci za a rubuta.

Tambayoyi shida. Wa, me, ina, yaushe, ta yaya, don me. Masu karatun Faransanci sun san su da haruffan QQOQCP, wasu kuma suna ƙara ta bakwai, wato nawa. Ƴan jarida da su suke gina labari, kuma sun dace da kowace takardar koke. In unguwa za ta rubuta wa magajin gari a kan magudanar ruwa da ta toshe, sai a amsa: wace magudana ce, a wane layi, tun yaushe, gida nawa ruwa ke shiga, me ya toshe ta, me mazauna suka riga suka yi da hannunsu, me suke roƙo. Tambayar da aka kasa amsawa ita ce ke nuna abin da ya rage a je a bincika kafin a rubuta.

Jadawali mai gida uku. Donna Ogle ce ta fito da shi a 1986. A raba shafi gida uku: abin da aka sani, abin da ake son sani, abin da aka koya. Gida biyun farko ana cika su kafin a buɗe littafi ko a je tambayar masana, na uku kuma bayan an dawo. Yana hana ɗalibin da aka ba bincike kwafe duk abin da ya gani a intanet, tunda ya san abin da ya je nema.

Zane-zanen tsara tunani

Kowane zane da irin tambayar da yake amsawa, don haka batun ne ke zaɓen zane.

Taswirar tunani. Tony Buzan na Ingila ya yaɗa ta a shirinsa na talabijin na BBC a 1974. A kwantar da takarda, a rubuta batun a tsakiya, a fitar da manyan rassa huɗu zuwa shida, kowane reshe da kalma ɗaya, sannan a fitar da ƙanana daga jikinsu. Ga batun ci-rani, manyan rassan za su iya zama dalilai, amfani, illa, iyali, da mafita. Da kallo ɗaya ake ganin reshen da ya yi kauri da wanda ya rame, raman kuwa shi ke bukatar ƙarin hujja ko a sare shi.

Taswirar dangantaka. Joseph Novak da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro ta a Jami'ar Cornell a 1972. Ta bambanta da ta Buzan: babban ra'ayi yana sama, ƙanana a ƙasa, kuma kowace kibiya tana ɗauke da kalmar da ke faɗin dangantakar. Misali: sare itatuwa yana buɗe wa iska hanya, iska tana kwashe ƙasar sama, ƙasar da ta tafi tana rage amfanin gona. Da yake dole ne a rubuta kalma a kan kibiyar, mutum ba ya iya haɗa abu biyu bai san abin da ya haɗa su ba.

Da'irorin Venn. John Venn na Jami'ar Cambridge ya wallafa su a 1880. Da'ira biyu ne masu shiga juna, ana amfani da su wajen kwatance. In gero da dawa ake kwatantawa, a tsakiya za a sa abin da suka yi tarayya: hatsi ne, da damina ake noma su, ana tuwo da su. A gefen gero a sa jure ƙarancin ruwa, son jigawa da saurin nuna. A gefen dawa a sa son ƙasa mai laka da bukatar ruwa fiye da gero. In abubuwan kwatancen sun wuce uku, jadawali mai layuka ya fi sauƙin karantawa.

Ƙashin kifi. Kaoru Ishikawa, malami a Jami'ar Tokyo ta Japan, ya yaɗa shi a shekarun 1960 don gano musabbabin matsala a masana'antu. Matsalar tana kan kifin, manyan ƙasusuwa kuma rukunan dalilai ne, galibi biyar: mutane, kayan da ake sarrafawa, kayan aiki, hanyar aiki da muhalli. Ƙungiyar manoman albasa a yankin Galmi da ke son rubuta rahoto a kan ruɓewar albasa a wurin ajiya za ta iya jera ban ruwa dab da cira da yanke ganye kafin wuyan ya bushe a ƙarƙashin hanyar aiki, yawan takin zamani a ƙarƙashin kaya, rudu maras iska a ƙarƙashin kayan aiki, zafi da laima a ƙarƙashin muhalli, jifa da buhu wajen lodi a ƙarƙashin mutane. A kowane ƙashi a sake tambayar don me har a kai ga tushe.

Igiyar lokaci da zanen matakai. Layi ɗaya ne da ake jera abubuwa a kansa bi da bi. Ɗalibin tarihi zai sa 1926, shekarar da aka mayar da babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai, sai 18 ga Disamba 1958, ranar kafa jamhuriya, sai 3 ga Agusta 1960, ranar samun ƴancin kai. Zanen matakai kuma akwatuna ne da kibiyoyi, ya dace da bayanin yadda ake yin abu, kamar fitar da man gyaɗa ko neman takardar haihuwa.

Jadawali mai gida biyu. Layi ɗaya a tsakiyar shafi, hujjojin goyon baya a dama, na suka a hagu. Shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne mafarin duk rubutun muhawara.

Daga zane zuwa tsari

Zane ba ya da farko ba ya da ƙarshe, rubutu kuwa layi ne da ake bi daga sama zuwa ƙasa. Saboda haka akwai sauran aiki uku. Na ɗaya, tankaɗe: duk abin da bai amsa tambayar batun ba a soke shi, komai kyansa. Na biyu, haɗa dangi: ra'ayoyin da suka yi kama a ba su lamba ɗaya ko launi ɗaya. Jiro Kawakita na Japan ya tsara yin haka da ƙananan takardu a shekarun 1960, kowane ra'ayi a takardarsa, a yi ta matsar da su har su kasu rukuni-rukuni. Na uku, jeri: a yanke wanda zai zo farko. An fi farawa da hujja mai sauƙi a ƙare da mai ƙarfi.

Makarantun da ke bin tsarin Faransa suna koyar da manyan tsare-tsare uku na disartasiyon. Akwai na muhawara, wato tez, antitez da santez. Akwai na nazari, wanda ke bin matsala, dalilanta, sakamakonta da mafita. Akwai na jigo-jigo, inda ake duba batu ta fuskoki daban-daban, kamar tattalin arziki, zamantakewa da al'ada. In an tambayi ko ci-rani alheri ne ga ƙauye, tsarin muhawara zai fara da abin da ci-rani ke kawowa, ya bi da abin da yake ci, ya ƙare da sharuɗɗan da ke sa amfanin ya rinjayi illar, misali in tafiyar ta tsaya ga rani ana dawowa kafin shuka. Santez ba maimaita ɓangarorin biyu ba ce, dole ta kawo abin da ba a faɗa ba tukuna.

A rubutaccen tsari, kowane babban kashi yana da jimla guda da ke faɗin abin da zai tabbatar, a ƙarƙashinta hujja biyu ko uku, kowace hujja da misalinta. Hujjar da aka rasa mata misali ita ce tsagar da mai gyara zai fara gani, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Rabon lokaci

A jarrabawar awa huɗu, rabon da malamai da yawa ke ba da shawara shi ne kamar minti 15 na fahimtar batu, minti 30 na tattara tunani, minti 30 na tsari, sannan a rubuta gabatarwa da kammalawa cikakku a buruyon. Gangar jikin rubutun a rubuta ta kai tsaye a takardar jarrabawa ana duban tsarin, a bar minti 15 na ƙarshe don bita. Wanda ya ce sai ya rubuta komai a buruyon sannan ya kwafe, sau da yawa lokaci kan ƙare masa yana tsakiyar kwafi, buruyon kuwa ba a ba shi maki. Ga redaksiyon na awa biyu, a rage komai da rabi.

Iyakar waɗannan dabaru

Zane ba ya haifar da ilimin da babu shi. Wanda bai karanta ba, taswirarsa za ta fito da rassa babu ganye. Wasu ɗalibai kuma suna ɓata lokaci wajen ƙawata zane da launuka har aikin gaskiya ya tsaya. Maganar da ake yawan yi cewa taswirar tunani tana tada ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, masana ƙwaƙwalwa ba su yarda da wannan rabo mai sauƙi ba, domin ɓangarorin biyu tare suke aiki.

Wajen bitar darasi ma akwai abin kiyayewa. A 2011 Jeffrey Karpicke da Janell Blunt na Jami'ar Purdue sun wallafa wani gwaji a mujallar Science: ɗaliban da suka rufe littafi suka rubuta abin da suka tuna sun fi waɗanda suka zana taswira littafi a buɗe riƙe darasin bayan mako guda. Mai bita zai fi cin riba in ya zana taswirarsa da ka, sannan ya buɗe kaye ya ga abin da ya mance.

Tsari kuma ana iya sauya shi. In ana cikin rubutu wata hujja mai ƙarfi ta ɓullo, a koma a nema mata gurbi.

A aji, a gida, a wurin aiki

Babu ɗaya daga cikin dabarun nan da ke bukatar kuɗi. Tablo da alli sun isa a aji mai ɗalibai da yawa: mushe ya rubuta batu a tsakiya, kowane ɗalibi ya fara rubuta ra'ayi uku a kayensa, sannan a tattara a tablo, a soke, a haɗa, a jera tare. In an yi haka sau da yawa, yara suna ganin yadda tsari ke fitowa daga hargitsi, abin da ba sa gani in an ba su tsarin a gama. A taron ƙungiyar da wasu ba su iya karatu ba, ana zana rassan a ƙasa, a sa tsakuwa ko kara a madadin kowane ra'ayi, sakatare yana rubutawa. Mai wayar salula yana iya naɗar muryarsa yana faɗin abin da ke ransa, daga baya ya saurara ya fitar da jeri. Akwai manhajoji irin su XMind da FreeMind masu zana taswira, sai dai a ɗakin jarrabawa ba a shiga da waya, don haka hannu ne ya kamata ya saba.

Iyaye ma suna da abin yi ko ba su jin Faransanci. Kafin yaro ya fara aikin gida, a tambaye shi da Hausa me aka ce ya yi, abubuwa nawa zai faɗa, wanne ne na farko. In ya iya amsawa da baki, ya sami tsarinsa. In ya kasa, sai ya koma ga batun ya sake karantawa kafin ya ɗauki bik.